Gauraka ko Zalɓe? Baitoci daga Bakin Kogin Kaduna

Ɗan Kabala:
Salamu alaikum. Ga abin da na gani yau bayan lambun Gamji. Mai amsa ya amsa da baiti.

Na fara da sunan Sarkinmu,
Mai rani, damina har kaka.
Na sauka Gamji da sassafe,
Hazo bai gama washewa duka.
Can kan dutse a tsakar kogi,
Dogo na tsaye, ba ya shakka.
Ƙafa zaƙo-zaƙo, wuya har can,
Na rantse wannan gauraka.

Gwaggo Ta-Malali:
Ɗan Kabala ɗana, sannu da kai,
Rantsuwar nan ba ta kamata ba.
Ina tambaya, ka ba ni amsa,
In dai ba mafarki ka yi ba.
Ka ga tuntu rawaya a kansa,
Kamar tsintsiyar da ba a ɗaure ba?
Da ya tashi, wuyan a miƙe yake,
Ko ya naɗe shi bai sake ba?
In ya naɗe, zalɓe ka gano,
Mai jiran kifi, ba sarki ba.

Ɗan Kabala:
Gwaggo, na durƙusa na gaishe ki,
Amma ba ki je kogin nan ba.
Kina ɗaki kin lulluɓa bargo,
Kina ƙaryata wanda bai kwanta ba.

Bakanon Kawo:
Ku bar jayayya, 'yan uwa,
Ni na san tsuntsun, shamuwa.
Baƙar riga da farin ciki,
Ita ce mai dogon ƙafafuwa.

Malam Bazazzagi:
Bakano, riƙe awon yadinka,
Ka bar wa Zazzau fagen sani.
Wa ke ganin shamuwa da hunturu,
Ko ko a tsakiyar rani?
Sai hadari ya soma haɗowa,
Ta ɗora sheƙa a kan gini.
Ta ci fara, ta raini 'ya'yanta,
Da kaka ta bar ka, ta bar ni.
Yanzu tana can kudancin Afirka,
Inda ake ruwa, ka ji bayani.

Hajiya Barnawa:
Allah ya ƙara basira, Malam! An rufe shagon Bakano tun kafin azahar.

Na-Rigasa:
Hajiya, ai kullum haka kike. Ko tari Malam ya yi, cewa za ki yi waƙa ce. Baitin Bakano biyu ne, amma sun fi daɗin rerawa.

Bakanon Kawo:
Malam, na ji, ka yi karatu,
Amma yadin nan shi ka ɗaura.
Rawanin da kake taƙama da shi,
Bashi ne, har yau da saura.

Malam Bazazzagi:
Bashin Bakano ba ya tsufa,
Ko ka biya shi, sai ya ƙara.

Sarkin Awo:
Ku dakata. Tun ɗazu nake ƙirga, raina yana ɓaci. Ɗan Kabala, "Amma ba ki je kogin nan ba" gaɓa 9 ne, "Kina ƙaryata wanda bai kwanta ba" gaɓa 11. Wace waƙa ce ke tafiya da ƙafa ɗaya doguwa? Ke kuma Gwaggo, da girmanki, amsa-amo da "ba" ai na kowa ne. Yawancin maganar da aka kore da "ba" take ƙarewa, ina gwanintar?

Hajiya Barnawa:
Sarkin Awo, ba a auna kari da ƙirga gaɓa kamar ana ƙirga goro. Nauyin gaɓa ake dubawa, mai nauyi da marar nauyi. Ka je ka sake duba arulinka, wato ilimin awon karin waƙa.

Sarkin Awo:
To ki auna da nauyin ma, ki gaya mini karin da ya hau. Ba Mutadarik ba ne, ba Rajaz ba ne.

Na-Rigasa:
Shi da bai taɓa kawo ko ɗango ɗaya nasa ba.

Sarkin Awo:
Alƙali ba ya shiga kokawa.

Gwaggo Ta-Malali:
Sarkin Awo, ga naka da "ba",
Tunda ba ka ƙoshi da ita ba:
Mai sukar tuwon da wani ya tuƙa,
Ba mu ga hayaƙi a gidansa ba.

Baba Na-Zango:
Ku yi haƙuri da tsoho, ban iya awo ba. Shekaruna a fawa na yi su.

Kuna ta faɗa a kan gauraka,
Ku zo Zango ku duba kwata.
Da can in mun kayar da sa,
Ungulu ke share ƙazanta.
Ta jeru a kan katanga tana jira,
Yaro ya kora, ta dawo abinta.
Yau ka ɗaga kai ka duba sama,
Shirwa ce kawai ke shawaginta.
An kai kanta wurin 'yan magani,
An sa guba a mushe, an kashe ta.
Wari ya ishe mu, kuda ya yi yawa,
Yanzu muka san ranarta.

Ɗalibar Unguwar Rimi:
Baba, gaskiya ka faɗa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun nan tamu ta gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Gauraka ma da ake rigima a kansa, shi ne tsuntsun ƙasa na Najeriya, amma kamu don ajiyewa a gidajen masu hali da bushewar fadamu sun sa ganinsa a dajin ƙasar nan ya zama abin labari. Shi ya sa nake bayan Gwaggo. Yaya Ɗan Kabala, in ka ɗauki hoto, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos, aikinsu ke nan.

Ni ban je kogi ba, Yayana,
Kasko na girke a gindin mangwaro.
Na cika shi ruwa, na koma gefe,
Na hana kowa motsi, har yaro.
Kurciya ce ke fara sauka,
Ta sha ta tashi, tana tsoro.
Hasbiya ta biyo, jan da'ira a ido,
Fiffike da ɗigon fari, ta fi ta girma da ƙwaro.

Na san na ƙarshen ya karye, Sarkin Awo, amsa-amon ne ya ƙare mini.

Sarkin Awo:
"Da ƙwaro" kuma? Wane ƙwaro? An jawo kalma da igiya don kawai ta ƙare da "ro".

Bakanon Kawo:
Ku bar yarinya, ta yi ƙoƙari,
Ni Malam nake wa tuhuma.
"Ta bar ka, ta bar ni" ba nasa ba ne,
Na taɓa ji a bakin wani ma.
Hankaka mai da ɗan wani naka,
Ga farin rawani, ga baƙar alama.

Malam Bazazzagi:
Kawo shaida, ko ka kawo goron ban haƙuri.

Ɗalibar Unguwar Rimi:
Kawu Bakano, hankaka ma zaluntarsa ake yi. Akwai wata tsuntsuwa mai tuntu da dogon bindi da ke laɓaɓowa ta saka ƙwanta a sheƙarsa, shi kuma ya ƙyanƙyashe ya yi ta ciyarwa. Riƙo aka bar masa, ba sata ya yi ba.

Hajiya Barnawa:
To kun ji. Ko hankakan ne, Malam mai riƙon amana ne.

Na-Rigasa:
Hajiya, don Allah.

Gwaggo Ta-Malali:
Ina mai gauraka ya shige ne?
Tun jiya ba mu ji ɗuriyarsa ba.
Akwai tsuntsu a shingen gidana,
Baƙin kai, jan baya, bai iya tashi ba.
Ya yi tsalle ɗaya ya faɗa ciyawa,
Ragon maza, ba ku manta sunansa ba.

Ɗan Kabala:
Wayata ce ba caji, an ɗauke mana wuta.

Gwaggo, ragon maza ya dawo,
Kuma bai janye ko kalma ba.
Asabar in an sallame asuba,
Gadar Lugga ta Gamji, ba wani wuri ba.
Kowa ya zo da idanunsa,
Kar wani ya ce ban gayyata ba.

Gwaggo Ta-Malali:
Zan zo da jikana da madubin hangen nesansa. Kai kuma ka zo da kuɗin ciyar da miskinai goma, don kaffarar rantsuwa ba ta jiran hazo ya washe.

Baba Na-Zango:
In kun ga ungulu ko ɗaya a hanya, ku kira ni.

Sarkin Awo:
"Gadar Lugga ta Gamji, ba wani wuri ba." Gaɓa 13. Kuma an sake komawa "ba".