Injin Zarto Ya Ƙi Tashi: Shawarwarin Masu Aiki da Shi

Da aka yi ta musayar ra'ayi kan abin yi idan injin zarto mai sarƙa ya ƙi tashi, kusan bakin kowa ya zo ɗaya: a fara duba mai. Fetur yake sha gauraye da baƙin mai na musamman, galibi kashi 50 na fetur, kashi 1 na baƙin man. Haɗin da ya wuce wata guda a tanki yakan lalace, ya bar danƙo a kafireta. A juye shi, a haɗa sabo.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun shaƙewa. Mutum ya rufe cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga injin, ya fizgi igiya, injin ya yi tari sau ɗaya, maimakon ya buɗe cok ɗin sai ya ci gaba da ja, mai ya cika ciki. Kana kwance fulogi za ka gan shi sharkaf, yana warin fetur. A goge shi, a kashe makunni, a ja igiya sau da yawa fulogin na waje, sannan a mayar da fulogin, a kunna makunni, a tayar da injin cok yana buɗe. A ganina nan aka fi shan wahalar banza, har kafaɗa ta yi tsami.

Idan fulogin a bushe yake, a duba ko yana ba da wuta, sai matatar iska da garin katako kan toshe, da ragar salansa. Wasu sun ja kunne cewa a sa birkin sarƙa, wanda ke hana sarƙar yanka juyawa, kafin kowane gwaji, kuma gaskiyarsu ne.

Igiya kuwa in ta zo sakwaf babu nauyi, matsin fistin ya tafi, wannan sai bakanike.