504 ɗin mahaifina tana hayaƙi bayan an sa sabon sagma, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayen gida da ƴan uwa. Daga Tawa nake. Akwai Peugeot 504 mai shan esansi da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙan shi, kuma na ƙudurta sai ta koma hanya. Tana shan man moter, tana baƙanta buji, sai makanike ya buɗe moter ya ce sagma (zoben piston) ne ya mutu. Ya goge cikin shamis (bututun da piston ke kai da kawo a ciki) da takardar yashi da hannu, ya sa sabon sagma mai rufin ƙarfen kurom, ya rufe. Yau da safe na tada ta, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe zaure, kuma in na cire marfin mai, iska na bugo mini tafin hannu. Shi ya ce in yi haƙuri, sagma zai zauna. In jira ne ko a sake buɗewa? Sagman ne bai dace ba?

Tsohon makanike, Yamai: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Kafin ya sa sagman, ya auna shamis? Nan maganar take. Shamis ba ya cinyewa daidai: sama ya fi ci, inda wuta take, kuma ɓangaren da piston ke jingina ya fi ɗayan. Ana aunawa sama, tsakiya da ƙasa, a tsaye da a gicciye. In ka ja farce a bakinsa ka ji gaɓa ta tare ka, ya tafi. Sagma zagayayye ne, ba ya toshe ramin da ya zama ƙwai. Sa'arka ɗaya, moter 504 ta 1971 cc shamis ɗinta zarewa ake yi, faɗinsa milimita 88. Ba sai an kai bulok wurin mai injin faɗaɗawa ba. Ka sayi shamis, piston da sagma a kwali guda, huɗu-huɗu.

Mai gyaran moter, Ƙonni: Baba ya gama magana, amma in an auna aka tarar shamis na da sauran rai, gurza ta isa. Sai dai ba da takardar yashi ba. Akwai dutsen gurza mai ƙafa uku da ake ɗaurawa a na'urar huda, ana zuba mai, ana kai shi sama da ƙasa ba tsayawa, har zane ya fito a gicce kamar saƙar tabarma, kusurwa wajen digiri 45. Cikin wannan zanen mai ke kwanciya, shi ke cin fuskar sagma har ta zauna. Bayan nan a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shafa farin ƙyalle har ya fito fes, sannan a shafa mai nan take don tsatsa. Esansi ba ya fidda garin dutsen. Wannan wankin shi mutane suka fi rainawa, alhali garin da ya rage shi zai cinye sabon sagma da kusine (matashin ƙarfen da sassan moter ke juyawa a kai).

Direban Tawa zuwa Agadas: Ni dai kar a kushe kurom. Da ƙurar hunturun nan tamu, shi ya fi jurewa.

Tsohon makanike, Yamai: Gaskiyarka direba, a sabon shamis ni ma kurom zan sa a sama. Amma yana da tauri, yana daɗewa bai zauna ba, a tsohon shamis mai sheƙi kuwa yana iya ƙin zama sam. Can sagman baƙin ƙarfe ya fi, don yana da laushi. Ɗana, in za a ɗaura ka tsaya a kai: a tura kowane sagma cikin shamis da kan piston, a auna tazarar bakinsa, wajen 0,35 na milimita ne a irin wannan faɗi. In ta yi kaɗan, da zafi ya hau bakunan za su haɗe ya karce shamis. Gefen da aka rubuta TOP ya dubi sama, kuma kar bakunan su jeru layi ɗaya. A duba tsayin da shamis ya ɗara bulok, in ba haka ba juwan kilas (shimfiɗar da ke tsakanin bulok da kilas, wato kan moter) zai ƙone, ruwa ya haɗu da mai.

Mai tambaya: Na gode Baba, Allah ya saka. Ba a auna komai ba, a gabana aka yi aikin. Gobe za a sauke kilas. In an gama yaya zan yi rodaji, wato tuƙin farko har sagma ya zauna?

Mai gyaran moter, Ƙonni: Mai na gargajiya za ka zuba, ba na zamani mai santsi ba. Kar ka bar ta tana aiki a tsaye awa guda. Ka hau kwalta, ka taka ka saki, kana sauya gudu, ba lodi mai nauyi. Wajen kilomita 1000 ka yi bidanji, wato canjin mai, da sabon filta. Kuma tunda kilas zai sauka, a girgiza sufaf (bawul ɗin shigar iska da fitar hayaƙi) a ji ko suna wasa a mazauninsu, don ta nan ma mai ke gangarowa.