Ƙwaro mai wari a lambun kuɓewa da wake: daga ina yake fitowa?

Mai lambu, Kura:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bakin ruwa, inda na shuka kuɓewa da tumatir, na kuma zuba wake a gefe. Tun da waken ya fara 'ya'ya nake ganin wani ƙwaro kore, mai faɗin baya kamar garkuwa, wanda idan aka taɓa shi sai ya bar wari a hannu. Da na ɓare wasu kwasfa na tarar ƙwayar ta motse, tumatirin kuma ya yi tabo fari-fari a ƙarƙashin fata. Akwai kuma wasu ƙanana baƙaƙe masu ɗigo-ɗigo da suke taruwa a bayan ganye, ban sani ba ko iri ɗaya ne. Ina neman bayani daga masu sani.

Malamin gona mai ritaya, Haɗeja:

Wa alaikumus salam, Malam. Waɗannan ƙananan 'ya'yansa ne, kuma a nan manoma da yawa suke ruɗewa, domin kamanninsu ba sa nuna na uwarsu. Macen tana jera ƙwai a bayan ganye, daga 30 zuwa sama da 100 a wuri guda, kowanne kamar 'yar ganga, a manne da juna tamkar saƙar zuma. Da farko ƙwan rawaya ne mai haske, sai ya koma ja-ja idan ya kusa ƙyanƙyashewa, abin da ba ya wuce kwana biyar zuwa mako guda a zafin ƙasarmu. 'Ya'yan suna yin saɓa sau biyar kafin su yi fukafuki, kuma a matakin farko ba sa cin shuka, suna nan cure a kan ɓawon ƙwai. Sai sun yi saɓar farko suke fara tsotso, launinsu yana sauyawa a hankali daga baƙi zuwa kore. Daga ƙwai zuwa babba kimanin mako biyar ne, shi ya sa a damina ɗaya ake samun zuriya bayan zuriya, har su fi yawa a lokacin da wake yake ƙosawa.

Bakinsa kamar allura yake. Yana soka shi cikin kwasfa, ya zuba yawun da ke narkar da ƙwaya, sannan ya tsotse, don haka ba a ganin ɓarnar a ganye sai ranar da aka ɓare. Warin kuwa kariyarsa ce daga tsuntsaye da ƙadangaru.

Shawarata ita ce ka riƙa juya ganye sau biyu a mako, ka murtsuke ƙwan da ka gani. Amma idan ka tarar da ƙwai ya yi baƙi ƙirin, ka bar shi, domin wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro ne ya saka nasa ƙwan a ciki, kuma abin da zai fito daga nan mataimakinka ne.

Manomin wake, Bichi:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, bayani ya gamsar. Sai dai mai kadada biyu ko uku ba zai iya bin ganye ɗaya bayan ɗaya ba, feshi ya zama dole. Abin da na koya bayan asarar da na yi bara shi ne in yi feshin lokacin da kwasfa ta fara fitowa kuma 'ya'yan ba su yi fukafuki ba, domin manyan suna tashi su koma gonar maƙwabci, su dawo bayan kwana kaɗan.

Uwargida mai lambun bayan gida, Ringim:

Malam mai tambaya, tun da kuɓewa kusan kullum ake tsinkarta, ina roƙonka ka yi hattara da maganin feshi, ka kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a ci. Ni da sassafe nake fita, raɓa ba ta bushe ba, lokacin jikinsu a mace yake; sai in tara roba mai ruwan sabulu a ƙarƙashin reshe in girgiza, su zubo ciki, domin ɗabi'arsu ce su saki jiki su faɗo idan an taɓa su. Ina kuma jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya ya kwana, in tace in yayyafa da yamma, kuma ya fi tasiri a kan ƙananan. Bayan girbi kada ka bar busasshen ganye da ciyawa jibge a gefen lambu, domin a ciki manyan suke fakewa har shukar rani ta taso.