So ne ya yi min yawa, ko wani ciwo ne?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 24, a Kano nake. Mun haɗu da saurayina a bikin 'yar ƙanwar Umma a Gyaɗi-Gyaɗi, ranar kamu. Tela ya ƙi ba ni ankona, sai na sa wani tsohon leshin Umma na koma baya wajen rabon lemo don kada na fito a hoto. A nan ya aiko ƙanwarsa ta karɓi lambata, sau biyu ina korarta. Shekara biyu kenan da wata uku. Tun rasuwar Baba ina aji biyar a sakandare, ba wanda ya sake tambayata "kin ci abinci?" har ya tsaya jiran amsa sai shi.

Yanzu yana bautar ƙasa a Jihar Oyo. Sati ukun da ya yi a sansanin Iseyin sai da na rame har siket yake zame min. In na tura saƙo na ga alamar ta yi shuɗi bai amsa ba, hannuna har rawa yake. Ranar Talata na kira shi sau 31, na ƙirga. Na daina zuwa islamiyyar yamma saboda lokacin yake tashi daga makarantar da yake koyarwa. Ƙawata tun ta firamare ta ce na zama jelarsa, na toshe lambarta. Turaren wuta nake haɗawa, wata biyu ban cika ko kwalba ɗaya ba. Jiya ya ce, "Ina sonki, amma kina hana ni numfashi." Ban runtsa ba. Me zan yi?

Anti Babba: Ƙanwata, buɗe kunnenki. Duk namijin da ya ce kina hana shi numfashi, ya samu inda yake shan iska ne. Na aurar da 'ya'ya huɗu, ba yau na fara ganin irinsa ba. Tambaya ɗaya: shekara biyu da wata uku, ya turo magabatansa?

Mai neman shawara: Anti wallahi ba haka yake ba. Ko alawus ɗinsa ya shigo sai ya nuna min. Kuma shi ma da yana kirana sau goma a rana, shi ya saba min.

Anti Babba: Ban tambaye ki alawus ba.

Maman 'Yan Biyu: Hmm. Ni labarin nan ta ɗaya gefen na san shi. Maigidana ne mai kira sau talatin. Muna saurayi da budurwa ƙawayena har kishi suke, wai na yi dace. Yau shekara tara, gidanmu ma in na je sai na ɗauki hoton Inna na tura masa. Ranar sunan ƙanwata yana ƙofar gida cikin mota tun azahar, ko tuwon suna ban ci ba. In na yi magana sai ya fashe da kuka, ya ce in babu ni mutuwa zai yi. Da na so jin wannan kalmar. Yanzu in ya faɗa, ji nake kamar an ɗora min buhun masara a ka. Kuma uwarsa ni take ba laifi, wai na mallake shi. Ni da ko kasuwar Rimi ban isa na je ni kaɗai ba!

Malama: 'Yata, duba Suratur Rum aya ta 21. Allah ya ce ya halitta mana abokan zama don a samu natsuwa, ya sanya soyayya da jinƙai a tsakani. Natsuwa aka fara ambata. Ke kuma barci ma ya gagare ki. Akwai maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Ali, cewa ka so masoyinka sannu-sannu, wataƙila wata rana ya zama maƙiyinka. Ki koma islamiyyarki, ki yi istihara.

Uwar Soro: Ku bar wahalar da yarinya. Aure ne maganinta. A sa rana kawai, in tana ganinsa kullum hankalinta zai kwanta.

Maman 'Yan Biyu: Uwar Soro, ni fa an ɗaura nawa. Kwanciyar me?

'Yar Zariya: Ilimin halayyar ɗan'adam na karanta, bari na ɗan sa baki. Wani likitan Ingila, John Bowlby, ya yi bayanin yadda yaro ke firgita in wanda yake jingina da shi ya ɓace masa. A 1987 wasu masu bincike, Hazan da Shaver, suka nuna cewa manya ma haka suke yi da masoyansu. Ban ce na gano ciwonki daga saƙo ɗaya ba, amma ke da kanki kika haɗa shi da rasuwar Baba. Ki lura da abu ɗaya: in ya ɗaga waya, daɗi kike ji, ko sauƙi kawai, irin na mai ciwon haƙori da ya sha magani, bayan awa biyu ciwon ya dawo? Mai kewa tana kewa tana haɗa turarenta. Ke sana'a, karatu da ƙawa duk sun tafi, kuma a labarinki ba shi ya ce ki bar su ba. Ki fara da buɗe lambar ƙawarki. Rashin barcin da ramar in sun ci gaba, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano.

Mai neman shawara: Na gode Yaya, amma ni ba mahaukaciya ba ce da za a fara yi min zancen asibitin Dawanau. Ƙawar nan kuma ba ku san ta ba, tun farko ba ta son mu tare. Turare kuwa kayan haɗi ne suka yi tsada.

'Yar Zariya: Ban ce Dawanau ba, ƙanwata.

Anti Babba: Ku bar ta da turancinku. Ba Bature ba, ba likita ba. Yaron nan ya samu wata a can, ku rubuta ku ajiye. Ki kashe wayarki kwana bakwai. In ya biyo ki da magabata, to. In bai biyo ba, kin huta. Har yanzu fa ba ki ba ni amsa ba.

Malama: Anti, zato zunubi ne, ba mu ji ta bakinsa ba.

Anti Babba: Malama, ni gani na yi, ba zato ba.

Mai neman shawara: Kwana bakwai Anti? Ba zan iya ba gaskiya. Maganar magabata akwai dalili, ba zan iya faɗa a nan ba. Yanzu haka yana onlayin tun minti 20 bai ce min komai ba. Na yi masa sallama ko na jira?