Wai Montreal Royals ta 1946 ce ƙungiyar da ba a taɓa yin irinta ba a ƙaramar gasar besbol?

Sagir: Jama'a, na faɗa a bayan idonku, yau ga shi a gabanku. A duk ƙungiyoyin renon 'yan wasan besbol na Amurka da Kanada, babu wadda ta kai Montreal Royals ta 1946. Wasa 100 ta ci, aka cinye ta 54, ta ɗauki kofin International League, ta je ta doke Louisville Colonels a karawar zakaru. Ga Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya shingen wariyar launi a besbol, a cikinta. Mai ja ya fito fili.

Malam Bala: Na fito, ƙanina. Ka dai ji sunan Robinson ne ka rikice. Newark Bears ta 1937, reshen renon babbar ƙungiyar New York Yankees, wasa 109 ta ci, 43 kacal ta sha kashi. Wadda ta zo ta biyu tana bayanta da wasa 25 da rabi. Taku da 18 da rabi ta tsere. In lissafi ake bi, ka koma ka zauna.

Sagir: Yaya Bala, lissafi kawai ake ci?

Malam Bala: To a wasa me ake ci? Ji yadda suka ƙare kakar. A karawar zakaru, Columbus Red Birds ta zo har gidansu ta cinye su sau uku a jere, saura wasa ɗaya a yi musu jana'iza. Suka tafi Columbus suka ci huɗu cur a gidan mutane. Charlie Keller yana shekararsa ta farko ya fi kowa duka a gasar, .353. Joe Gordon na nan, George McQuinn na nan, Atley Donald ya yi nasara a wasa 19, biyu kawai aka doke shi. Kusan kowa a cikinsu sai da ya taka babbar gasa.

Ummi: Ku yi haƙuri da 'yar koyo. Mene ne .353 ɗin nan da kuke ta ambato kamar farashin man fetur?

Malam Bala: Ƙanwata, in mutum ya tsaya da sanda sau dubu, sau 353 zai doki ƙwallon ya tsira zuwa zango kafin a kashe shi. Wanda ya haura 300 gwani ne.

Sagir: Robinson kuma .349, shi ma shi ne kan gaba a gasar a 1946. Ya zagayo gida sau 113, ya saci zango 40. Bambancin maki huɗu ne da Keller. Sai dai Keller ba a taɓa rufe fili da kwaɗo saboda shi ba. A Jacksonville ta jihar Fulorida, lokacin atisayen share fage, haka aka yi wa Royals, don kada baƙar fata ya taka ciyawa tare da farare. A Sanford kuwa sai da aka fitar da Robinson daga garin.

Hajiya Rabi: Sagir ya taɓo wurin, amma bai matsa ba. Malam Bala, filin da Bears ɗinka ke wasa, Ruppert Stadium, su wa ke hayarsa in sun yi tafiya? Newark Eagles, ƙungiyar baƙaƙe. A shekarar 1937 ɗin nan da kake yabo, Willie Wells da Ray Dandridge da Mule Suttles suna wasa a fili ɗaya da su, amma ƙa'idar da ba a rubuta ba ta hana su haɗuwa a gasa. Ka kori gwanaye daga dandali, ka dawo kana cewa naka ne sarkin dambe? Wasa 109 ɗin nan a kan rabin mazan gari aka ci su.

Malam Bala: Hajiya, wannan sandar ai ta doki kowa. Royals ma fararen ƙungiyoyi ta yi ta cinyewa a 1946. Baƙaƙen da ke cikinta Robinson ne da masu jifa biyu, Johnny Wright da Roy Partlow, su ma ba su daɗe ba aka tura su ƙaramin reshe.

Hajiya Rabi: Na yarda da wannan. Shi ya sa ban ce Sagir ya yi gaskiya ba. Ni a wurina ƙarfin ƙungiya dabam, nauyin abin da ta ɗauka dabam. Da a ce Robinson ya kasa a Montreal, Branch Rickey, shugaban Brooklyn Dodgers, uwar ƙungiyar Royals, zai samu bakin kai shi babbar gasa ranar 15 ga Afrilu, 1947? Ranar farko da ya buga wa Royals, 18 ga Afrilu, 1946, a Jersey City, ya tsaya sau biyar ya samu huɗu, ɗaya ya cilla ta bayan katanga, Royals ta ci 14 da 1. Masu jiran ya kunyata suka koma gida da kunyarsu.

Sagir: Kada a manta da mai horar da Royals, Clay Hopper, mutumin Misisifi, wanda ya roƙi Rickey kada a haɗa shi da baƙar fata. Ƙarshen kaka shi ya zo ya miƙa wa Robinson hannu, ya kuma ba da shawarar a ɗauke shi babbar gasa.

Ummi: Ikon Allah. To 'yan kallo fa?

Sagir: A Louisville, lokacin karawar zakaru, ihu da zagi Robinson ya sha, har aka ƙayyade yawan baƙaƙen da za su shiga kallo, kuma sandarsa ta yi sanyi, aka cinye su biyu cikin uku. Da aka dawo filin Delorimier, mutanen Montreal suka rama wa nasu ihun, Royals ta ci uku a jere. Ranar ƙarshe jama'a suka ɗaga shi sama, da ya sulale zai kama jirgi suka bi shi da gudu a titi.

Malam Bala: Labari ya yi daɗi, ban musa ba. Amma ka fara da cewa babu wadda ta kai ta, yanzu ka koma ba mu tarihin mutum ɗaya. Ka ambaci mutum uku a Royals ɗin nan ban da shi.

Sagir: Spider Jorgensen, Marv Rackley, Al Campanis.

Hajiya Rabi: Wayyo, da ka bar na ƙarshen. Campanis ɗin nan da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Robinson a fili, shi ne a 1987 ya hau talabijin ya ce watakila baƙaƙe ba su da abin da ake buƙata don riƙe ƙungiya. Kwana biyu aikinsa a Dodgers ya tafi.

Malam Bala: Ka ga ko? Ka sa Jorgensen da Rackley a sikeli ɗaya da Gordon da Keller ka gani.

Sagir: To Yaya, a 1946 wa Royals ta fara fitarwa a wasannin kifa ɗaya kwala kafin Syracuse? Newark Bears.

Malam Bala: Ta 1946, yaro. Ni ta 1937 nake magana. Ka doke jikan mutum ka ce ka kada kakansa?