Kwaɗin kududdufinmu sun yi shiru bana, macizai kuwa sun matso gida. Haka abin yake a wajenku?

Baban Zainabu, Birnin Kudu:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kudu da Birnin Kudu, ina kuma taɓa noma kamar kowa a nan. Bayan gidanmu akwai kududdufin da kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. Tun ina yaro, alamomin damina a wurinmu uku ne: shamuwa ta sauka kan tsamiyar masallaci, gina ta fito bayan ruwan farko, sannan daren da aka tafka ruwa kwaɗi su kaure da kuka har sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, takan ce duk daren da kwaɗi suka hana ta barci, da asuba a fito da iri.

Bana an yi ruwan farko mai ƙarfi a tsakiyar Mayu. Kwaɗi suka yi kuka dare biyu. Kwana uku bayan haka na zagaya bakin kududdufin, na ga ƙwansu a nannaɗe jikin ciyawa, dogayen zare masu ɗigo-ɗigon baƙi kamar carbi. Daga nan ruwa ya ɗauke, sama ta yi tas fiye da mako uku, geron da muka shuka ya ƙone, muka sake shuka a Yuni. Yanzu ga mu a Yuli, kududdufin ya cika har ya taɓo katangar maƙwabcina, amma da dare in ka kasa kunne, kukan da za ka ji bai fi na kwaɗi biyar ko shida ba. Wallahi abin yana damuna, don ban taɓa kwana a damina cikin irin wannan shiru ba.

Macizai kuma akasin haka. A shekara nakan ga uku ko huɗu, duk a gona, lokacin sharar gona ko da kaka in an ɗaga dami. Bana daga ƙarshen Maris zuwa yau na ga biyar, uku a cikin gida. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na Afrilu. Bayan magariba maiɗakina ta je ɗibar ruwa, ta sa hannu za ta ɗauki moɗa, sai ta ji huci a bayan randa. Ta ja da baya tana cewa «igiya, igiya», don a gidanmu ba a kiran sunansa da dare. Na haska tocila, sai ga kumurci baƙi wuluk ya fasa kai, tsakaninsa da tabarmar da Zainabu take rarrafe bai fi taku huɗu ba. Makon jiya kuma na tsinci saɓa a gindin rumbu.

Tambayata ita ce, shin akwai dangantaka? Ƙarancin kwaɗi ne ya sa yunwa ta koro macizan gida, ko maganin feshin ciyawa da kowa ya runguma yanzu shi ya kashe kwaɗin? Kuma ku a garuruwanku, a waɗanne watanni kuka fi ganinsu?

Tsohon Masunci, Nguru:

Wa alaikumus salam. Malam, ai ka riga ka faɗi amsar rabin tambayarka da bakinka. Wannan ɗaukewar ruwa ta mako uku ita ta cuce ku. Kwaɗo ba ya jira, ruwan farko in ya sauka da ƙarfi a daren zai fito ya yi ƙwai. Cikin kwana biyu ko uku ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito da wutsiya kamar ƙananan kifi, kuma sai sun yi makonni a cikin ruwa kafin su yi ƙafa. In ruwan ya janye kafin lokacin, shi ke nan. Na sha ganin haka a ƙananan tafkuna: taɓo ya yi baƙi da su, suna motsi a ɗan ruwan da bai fi faɗin faranti ba, belbela da zalɓe suna tsaye a kansu suna tsinta. Su ma iyayen da suka fito daga ɓoyo, zafi ya same su a fili, da yawa ba sa kai labari.

Ka tambayi inda suke zuwa da rani? Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa maka don yana da amfani. Burduddugi, wannan babban, nutsewa yake cikin taɓo tun kafin ya bushe, ya lulluɓe jikinsa da wata fata siririya kamar leda, ya kwanta ba ci ba sha har wata damina. Yadda gaiwa take yi ke nan. Muna samari in mun je haƙar gaiwa da rani mukan tono shi, ka ɗauka dunƙulen ƙasa ne sai ka ga ido. Shi kuwa kwaɗon gida, mai kaushin baya, ba ya nisa. Gindin randa, bakin rijiya, makwararar banɗaki, nan yake rani.

Mu a nan lissafinmu ya ɗan bambanta da naku, don ba ruwan sama kaɗai muke jira ba, har da na kogi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa fadamun Haɗeja da Nguru ya koma sai yadda aka sako shi, kachalla kuma ta toshe hanyoyi da yawa. Shekarar da fadama ta sha ruwa, kwaɗi sai ka ture da ƙafa har cikin Nuwamba. Akwai kuma masu kamunsu da dare da tocila, su busar, a loda buhu-buhu a yi kudu da su. Wannan ma yana rage su, duk da ban ce ya kai ƙauyenku ba.

Maganin feshi kam ba zan wanke shi ba. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, duk abin da ke cikin ruwan zai shige shi. Ka duba ko akwai mai wanke tankin feshi a kududdufin nan.

Ma'aikacin Jinya, kudancin Gombe:

Baba ya gama magana a kan kwaɗi, ni bari in taɓa ɓangaren da nake gani kullum a wurin aiki.

Malam, kumurcin da ka gani a Afrilu ba ƙarancin kwaɗi ne ya kawo shi ba, tun da lokacin ruwa bai ma sauka ba. Maciji ba ya iya daidaita zafin jikinsa kamar mu, yanayin wuri shi ke juya shi. Da hunturu, Disamba zuwa farkon Fabrairu, sanyi kan kashe masa jiki, ya shige suri ko ramin gafiya ko ƙarƙashin duwatsu, shi ya sa ba a cika ganinsa ba. Da bazara ta shigo, ƙasa ta ɗau zafi, sai ya fara neman inuwa da danshi. Ina ne ya fi gindin randa sanyi a gidan Bahaushe a watan Afrilu? Kuma kwaɗon gida, kamar yadda Baba ya ce, can yake kwance, shi kuwa kumurci yana cin kwaɗo sosai. Wato ya sami sanyi da abinci wuri guda.

A wajenmu sara yakan yi yawa sau biyu a shekara. Na farko daga sharar gona zuwa shuka da noman fari, lokacin da mutane suke cusa hannu cikin ciyawa da tarin kara. Na biyu da kaka, Oktoba da Nuwamba, wajen cirar gyaɗa, roron wake, yankan shinkafa da ɗaga dami, saboda ɓeraye sun taru inda hatsi yake, macizai kuma sun biyo su. Mai ɗaukar harawa da yamma ba tare da ya buga ta da sanda ba yana cikin haɗari. A tsakiyar marka kuma ruwa kan cika ramuka ya koro su tudu, tudun kuwa sau da yawa gidajenmu ne.

Wadda ta fi yi mana ɓarna a Kaltungo, Billiri, Tula har zuwa Langtang a Filato ita ce kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Gajera ce, da ƙyar take wuce kamu ɗaya, launinta kamar ƙasa da ɗigo-ɗigon fari a gefe. In ta ji motsi takan naɗe tana goga jikinta, ka ji «shhh» kamar an ɗiga ruwa a kaskon suya. Ta fi yawo da farkon dare, musamman bayan an ɗauke ruwa. Ita ba ta dogara da kwaɗi ba, tana cin ƙananan ɓeraye, ƙadangaru, kunama da shanshani. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai zo da ƙafarsa yana cewa ai sauƙi ya samu, washegari ka ga jini na fita ta dasashi, ta fitsari, har tsohon miki ya ɓalle. Mukan ɗibi jininsa mu zuba a busasshiyar kwalbar gwaji mu ajiye minti 20. In aka karkata kwalbar jinin ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Akwai EchiTAb, wadda aka haɗa da dafin macizan Najeriya, kuma wani nau'inta yana aiki a kan kububuwa da kasa da kumurci. A Kaltungo akwai asibiti na musamman don saran maciji, a Zamko ta Filato ma ana karɓa.

Kasa kuma ba ta gudu, kwanciya take a burtali ta saje da ganye har a taka ta. Haihuwa take yi, ba ƙwai ba, 'ya'ya ashirin, talatin ko fiye, kuma kowanne da dafinsa yake fitowa. Kada yara su raina ƙaramin maciji.

Maman Sadiƙ, Maiduguri:

Malam, ka duba akurki in kuna kiwon kaji. Ni bazara biyu a jere kumurci yana shigar mini, ƙwai yake haɗiyewa da 'yan tsaki. Kaskon ruwan kaji shi ke tara kwaɗi da dare, shi kuma ya biyo. Bara ya yi wa ɗana feshi a ido lokacin da ya leƙa da tocila. Na kama kansa na yi ta kwarara masa ruwa buta bayan buta, ban tsaya neman nono ko wani ganye ba, sannan muka tafi asibiti. Alhamdu lillahi idon ya warke. Yanzu da magariba nake kifar da kaskon, na kuma sa wa akurkin raga mai ƙananan ido.

Ambaliya kuma ba sai an ba mu labari ba. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, bayan ruwa ya janye muka koma gida, a cikin naɗaɗɗiyar tabarma muka sami maciji. Duk wanda ruwa ya shiga gidansa, da sanda zai fara taɓa kaya, ba da hannu ba.

Ɗan Autan Fadama:

To likita, mu a garinmu in an sari mutum ɗaure ƙafar ake yi da igiya a tsaga wurin a ɗora baƙin dutse, kuma na ga waɗanda suka tashi. Wannan fa?

Ma'aikacin Jinya, kudancin Gombe:

Ƙanena, waɗanda ka ga sun tashi, ko dai macijin ba mai dafi ba ne, ko ya sara bai zuba dafi ba, don hakan na faruwa sau da yawa. Dutsen ba ya zuƙo dafin da ya riga ya shiga jiki. Tsagawa kuwa, in kububuwa ce, ka buɗe wa jinin da ba ya tsayawa ƙofa. Ɗaurin igiya ya sa na ga an yanke ƙafar yaro ɗan shekara goma sha biyu, ba dafin ne ya ci ƙafar ba, ɗaurin ne, kuma har yau ina tuna fuskar mahaifinsa. A cire zobe da warwaro kafin kumburi, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗora shi a babur ko mota zuwa asibiti. Ba sai an tsaya neman macijin ba.

Baban Zainabu, Birnin Kudu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarka ta tuna mini abin da na gani ban ba shi muhimmanci ba. A farkon Yuni ɗalibaina sun zo suna ce mini belbelu sun cika kududdufi alhali babu ruwa, na ce su wuce aji. Ashe 'ya'yan kwaɗin ake tsincewa. Batun tanki kuma gaskiya ne, jiya da yamma na tsaya na ga samari biyu suna ɗauraye nasu a bakin ruwan, inda awakinmu ma suke sha. Na yi wa mai unguwa magana, ya ce zai faɗa bayan sallar Juma'a.

Randa na ɗora ta kan bulo huɗu, na share bayanta, na ga kwaɗi uku a kwance a wurin, na kwashe su a bokiti na kai kududdufi. Tsagar da ke gindin katanga na liƙe ta da ƙasa, karan da muka jingine a bayan ɗaki na mayar da shi nesa da gida. Hajiya, kaskon kajin ma an fara kifewa.

Likita, saura tambaya ɗaya. Takalmin roba mai tsawo da ake sayarwa a kasuwa, haƙorin kasa yana iya huda shi, ko ya isa in saya wa yarana biyu da suke taya ni noma kafin lokacin cirar gyaɗa?