Shawarwari ga masu bisharar da ke ƙasashen waje

A wani zama bayan sujada a Kaltungo, an tattauna rayuwar 'yan'uwanmu masu wa'azin bishara a Nijar da Chadi. Dattawa sun fi nanata batun harshe. Faransanci zai taimaka a ofis, amma mai son abokai a N'Djamena sai ya koyi Larabcin kasuwa, a Yamai kuma Zabarmanci. A je suna, a je gaisuwar rasuwa, a ci abin da maƙwabci ya kawo, Musulmi ne ko Kirista.

Mata suka taɓo kaɗaicin matar fasto, wanda ba kasafai ake ambatawa ba: a riƙa kiranta ta WhatsApp. Kuɗin tallafi kuwa, a lissafa shi da sefa, domin naira na raguwa wajen canji.